Jamusancin Hajja Kaltuma

Ranar Laraba ce, kwana uku bayan Sallar Layya, a shekarar da na cika sha ɗaya. Umma ta aike ni in kwashe naman da muka shanya a igiya bayan ɗaki kafin shirwa ta yi mana ɓarna. Ina tsaye kan turmin da na kifa, hannuna duk maiƙo, sai na ji karatu yana tasowa daga bayan katanga. Muryar Hajja Kaltuma ce, tsohuwar da muke haɗa katanga da ita a unguwar Diguel, kuma ba wanda bai san karatunta ba, don da shi muke tashi, da shi muke yini. Amma na ranar daban ne. Karin dai irin na tilawa ne, ana ja ana saukewa, sai dai kalmomin ba Larabci ba ne, ba Hausa ba ce, ba kuma Faransancin da ya addabe ni a makaranta ba. Na kasa kunne. Can cikin kalmomin sai na fara tsintar waɗanda na sani, an murɗe musu wuya an ja musu wutsiya, amma su ne. Tsohuwar nan da ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko, tana rerawa da Ingilishi cewa darasi na tara, a karanta waɗannan jimloli da ƙarfi, sannan a juya shafi. Saura kaɗan in faɗo daga kan turmin.

Wata takwas ke nan da zuwanmu Njamena daga Haɗeja. Baba ya riga mu zuwa da shekara biyu, ya kama rumfa yana sayar da kwanuka da tukwanen silba, da ya ga ƙafarsa ta tsaya sai ya aiko aka kwaso mu. Ni kuwa da girman kaina na zo, don a can aji biyar nake, ni ake tsayarwa in karanta littafin Ingilishi idan baƙi sun zo makaranta. A nan aka duba aka ga ba ni da Faransanci ko na roƙon ruwa, aka mayar da ni aji biyu, cikin yaran da wasunsu ko majina ba su iya sharewa ba. Benci ya yi mini kaɗan, gwiwoyina suna dukan teburi. Idan an fita shan iska 'yan ajinmu su zana layuka a ƙasa su yi ta tsalle da ƙafa ɗaya suna ƙirga da Larabcin Chadi, ni ina jingine da bishiya ina ɓarar gyaɗa ina hararar kowa. Ingilishin da nake taƙama da shi ba wanda ya tambaye ni shi ko sau ɗaya. Da yamma in ɗauki jarka in bi layin famfo, in dawo in tankaɗe garin gero, in ɗaure awaki, ba na yi wa kowa magana sai dole.

Hajja Kaltuma ba irinmu ba ce, baƙin jiya. Kakanta ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai tafi Makka, ya iso bakin kogin garin nan damina ta tare shi, ya ce bari ya yi noma ɗaya ya ƙara guzuri, noman da bai ƙare ba ke nan har aka binne shi. Hausarta tsohuwa ce, ta sha Larabci ta ƙoshi, wata kalmar in ta faɗa sai Umma ta ce rabonta da jin ta tun a bakin kakarta. Siririya ce, baƙa, kullum cikin farar lafaya, ga wasu idanu da in ta kafa miki sai ki tuna laifin da kika yi bara. A tsakar gidanta, ƙarƙashin darbejiya, 'yan mata da matan aure suke ɗaukar karatu da safe. Ta haddace Alƙur'ani tun tana budurwa, ta bi littattafan nahawu a wajen mahaifinta, kuma duk unguwar an yarda cewa abin da ya shiga kunnenta sau biyu ya shiga ke nan. Tsoronta nake ji, ban taɓa wuce gaisuwa da ita ba.

Amma ranar nan bakina ya fi tsorona ƙarfi. Na dire kwanon nama a ƙofar kicin, na zagaya na yi sallama na durƙusa. Tana zaune a tabarma da tarin takardu rubuce da ajami, gefenta wani tsohon littafi da gara ta ci bakinsa. Autanta Abakar, wanda tela ne, yana kan kekensa a zaure, shi ne ya ba ni labarin da na tambaya. Yayansa ya tafi Jamus shekara goma sha biyar da suka wuce koyon gyaran injuna, ya yi aure a can, ya haifi 'ya ɗaya, Maryam. Shekara biyu da suka wuce ciwo ya ɗauke shi, a can aka yi masa sutura. Kafin azumi matarsa ta rubuto wasiƙa da Faransanci cewa za ta kawo yarinyar ta ga dangin ubanta, kwana bakwai kacal, idan makarantarsu ta yi hutu. Yarinyar shekararta bakwai, ba ta jin komai sai Jamusanci. Abakar ya ce ai da sauƙi, yarinya ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya masa da Faransanci, shi ya juya wa Hajja. Hajja ta ce ita ba za ta yi magana da jininta ta bakin mutum biyu ba. Shi ne ya shiga babbar kasuwa wajen masu tsofaffin littattafai ya samo wannan, mai sayarwar ya rantse masa na koyon Jamusanci ne. Abakar a aji shida ya bar makaranta, baƙaƙen ya sani, ma'ana babu. Kullum bayan la'asar sai ya karanta mata layi-layi yadda ake karanta Faransanci, ita ta rubuta da ajami ta haddace. Wata uku da ɗoriya suna haka, shafi arba'in da ɗaya, daga saman shafi har lambar da ke ƙasansa, ba su tsallake ko ɗigo ba.

Na buɗe littafin. Mai sayarwar bai yi ƙarya ba, na koyon Jamusanci ne, sai dai an yi shi ne domin masu jin Ingilishi. A kowane shafi Jamusancin bai fi layi biyar ko shida ba, an buga shi da baƙaƙe masu kauri, sauran duk bayani ne. Da ina da hankalin yanzu da na nemi hanya mai laushi. Sai kawai na ce, "Hajja, abin da kuka haddace mafi yawansa ba Jamusanci ba ne. Ingilishi ne, irin namu na Najeriya." Keken Abakar ya tsaya cak. Saura kwana arba'in baƙin su iso, ga shi na buɗe baki na zubar wa tsohuwa da wahalar wata uku. Na jira ta kore ni. Ta dubi takardunta, sannan ta ce in nuna mata da yatsa wanne ne wanne. Na nuna. Ta ce, "To shi wannan mai yawan, me yake faɗa?" Na ce yana bayanin yadda ake harhaɗa wancan ne. Sai na ga fuskarta ta washe, ta tafa hannu. "Kalas, shi ke nan! Matani ne da sharhi, kamar littattafan babana, karatu a tsakiya, bayani a gefe. Ashe sharhi na haddace ban sani ba. Binayya, 'yata, je ki gaya wa uwarki na are ki kwana arba'in."

Washegari ta dama jar tawada, muka fara. Abin da na gani a kwanakin nan har yau ina mamakinsa. Ba ta buƙatar littafin. Ni nake riƙe da shi, in ce shafi na ashirin da uku, sai ta lumshe ido ta kama daga farko, tana kawo Ingilishin nan a karkace yadda Abakar ya ba ta, ni ina bi da yatsa ina juya mata shi da Hausa, ita tana ja wa sharhi jan layi a takardarta tana barin matani da baƙi. Ba abin da ya tafi a banza cikin wata ukun nan, duk yana ajiye a kanta yana jiran a buɗe masa ƙofa. Ni kuwa mai taƙamar Ingilishi, tun a rana ta biyu asirina ya tonu, don akwai kalmomin da ko a mafarki ban taɓa gani ba. Idan na maƙale na fara in-ina, sai ta ce in bar bayanin, in gaya mata ma'anar misalan kawai. Ta jera su uku ko huɗu, ta murza carbi, sannan ta ce, "Abin da mutumin nan yake son ya ce shi ne kaza." In koma in sake karantawa a hankali, in tarar haka ɗin ne. Ta san abin da ke cikin harshen da ba ta ji, ta hanyar harshen da ba ta ji, ni kuma da nake ji ina bin ta a baya.

Ranar da muka zo kan namiji da mace ba zan manta da ita ba. Littafin ya ɓata shafi biyu yana lallashin mai karatu, wai kada ya firgita don a Jamusanci teburi namiji ne ƙofa kuma mace. Hajja ta yi dariya har da hawaye, ta ce su masu Ingilishin nan a ina suka girma da sai an gaya musu ƙofa mace ce. Da ta ji cewa a wajen Jamusawa rana mace ce wata kuma namiji, kamar a Hausa, kamar a Larabci, sai ta gyaɗa kai ta ce mutanen nan da hankalinsu. Amma da na ce mata akwai kashi na uku, wanda ba namiji ba kuma ba mace ba, kuma a ciki har da ruwa da gida da ƙaramin yaro, sai ta ajiye alƙalami ta ce, "Ikon Allah." Yini guda tana juya abin. Kashegari ta ce ta gane, yaro bai zama komai ba tukuna, sun yi gaskiya da suka ba shi lokaci. Na ce to wuƙa fa, ita ma tana ciki. Ta harare ni ta ce ba komai ake tambaya ba. Daga nan ta sa Abakar ya kawo mata zare kala uku, ta bi kayan gidan tana ɗaurawa: baƙi ga maza, ja ga mata, fari ga na ukun. Cokali da tukunya suka sami baƙi, ƙofa ta sami ja, gado ya sami fari. Akuya ma an ɗaura mata ja a ƙaho, 'yar'uwarta ta cinye shi kafin azahar.

Tsarin jimla kuwa da kofunan shayi ta koye shi, ta koya mini. Ta jera ƙananan kofuna huɗu a faranti, ta zuba shayi a na biyu kaɗai, ta ce wannan shi ne fi'ili, wato kalmar aiki. Sauran ukun a yi ta musanya musu wuri yadda aka ga dama, a fara da "yau", ko a fara da "ni", ko a fara da "shinkafa", amma mai shayin nan ba ya barin gurbi na biyu. Ta ce *Ich koche heute Reis*, ina dafa shinkafa yau, ta sauya kofuna, ta ce *Heute koche ich Reis*, mai shayin yana nan inda yake. Idan tambaya ce, sai ya tsallako gaba. Idan kuma aikin ya riga ya wuce, sai ta raba shayin gida biyu, rabi ya zauna a na biyu, rabi ya koma can ƙarshe, ba za ka san abin da aka yi ba sai mai magana ya kai aya. Wannan ya burge ta ƙwarai. Ta ce, "Mutanen nan ba a katse musu magana. Da a kai matan unguwar nan can su yi wata ɗaya." Da muka zo inda ƙananan kalmomin da ke gaban suna suke sauyawa gwargwadon wanda ya yi aiki da wanda aikin ya faɗa wa, littafin ya ce nan ne wurin da ya fi wuya. Ita ko gezau, ta ce wannan ai tun tana 'yar shekara goma babanta ya dake ta a kansa a Larabci. Abin da kawai ta lura da shi, idan aiki ya faɗa wa suna, namiji ne kaɗai yake sauya kama, macen tana nan yadda take. Ta ce ko a can ma haka mazan suke.

Ni da na ɗauka kowane harshe tarin kalmomi ne kawai, wanda ya fi kwasa ya fi iyawa, sai ga tsohuwa tana nuna mini cewa akwai ƙashi a ƙarƙashin naman, kuma ƙasusuwan suna kama da juna. Na fara zama a ƙaramin bencina a makaranta ina neman kofi mai shayi a cikin Faransancin malaminmu, kuma ina samunsa. Matsalar da ta rage ita ce sauti, don a cikinmu ba wanda ya taɓa jin Bajamushe ya yi magana. Littafin ya ce wannan harafin a fito da shi daga maƙogwaro, wancan a tsuke leɓe kamar za a yi fito, muka yi ta gwadawa har matan da suka zo aron rariya suna toshe baki. Sai Hajja ta tuna da rediyon Abakar. A labaran Hausa da ake kamawa da rana daga ƙasar Jamus, wani lokaci akan saki muryar wani babban mutuminsu ya yi kalma biyar ko shida kafin mai fassara ya danne shi. Waɗannan 'yan kalmomin take jira, kunnenta manne da rediyo, kullum, ba don ma'ana ba, don ta ji inda suke hawa da inda suke sauka.

Saura mako guda ta ce in rufe littafin, akwai jimlar da take son mu gina wadda babu ita a ciki. Ta jera kofunanta, ta ɗauko mai shayi ta kawo gaba don tambaya ce, ta kai rabin ƙarshe don abin ya wuce, ta cike tsakiya da kanta. *Hat mein Sohn von mir gesprochen?* Ko ɗana ya yi maganata? Ta maimaita sau biyu a hankali, ta ce kada in gaya wa kowa ma'anarta. A lokacin ne na lura cewa cikin kwana talatin da uku ban taɓa jin ta ce "ɗana" da Hausa ba, balle sunansa. "Wancan" take cewa, ko "mai tafiyar nan". Da na koma gida na kasa haƙuri na tambayi Umma me ya sa. Umma tana tsince wake, ta rage murya ta ce ɗan fari ne, sunansa Umar, kuma mace mai kunya irin ta da ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta yi masa kuka a ga hawayenta. Ko mai kawo mata ruwa da yake Umaru, Sanda take ce masa. Ranar da labarin mutuwar ya zo, cewa ta yi Allah ya jiƙan musulmi, ta ci gaba da biya wa ɗalibanta karatu. Nan na gane abin da tsohuwar nan take nema. Tana son harshen da za ta tambayi labarin ɗanta da shi a tsakar gidanta, ba tare da kowa ya ji ta tambaya ba.

Suka iso ana tsakiyar zafi, irin wanda ƙarfen ƙofa yake ƙona hannu. Uwar doguwa ce mai sanyin hali, ta yafa gyale don girmamawa. Maryam kuwa 'yar firit, fuskarta ta yi ja don rana, gashinta a cukurkuɗe, tana riƙe da siket ɗin uwarta da hannu biyu. Gidan ya cika maƙil, har ta kan katanga ana leƙe. Hajja ta miƙe, ta gyara lafaya, ta faɗi gaisuwar da muka yi kwanaki muna gogewa, cewa barka da zuwa, ni ce kakarki. Jimlar daidai take, kowane kofi yana gurbinsa, amma yarinyar ta zuba mata ido kawai, sannan ta ɓuya bayan uwarta. Ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Karin tilawa da lafazin Abakar da tawa fassarar sun haɗu sun haifi abin da ba Bajamushen da ya taɓa ji. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Uwar ce ta karkata kai, ta sa Hajja ta sake faɗa, sai ta dafe ƙirji, idanunta suka kawo ruwa, ta durƙusa ta maimaita wa 'yarta kalmomin yadda ake faɗarsu. Maryam ta leƙo, ta dubi Hajja, ta faɗi kalmar "kaka" da nasu lafazin, a hankali, kamar mai gyara wa ƙaramin yaro. Hajja ta maimaita. Yarinyar ta girgiza kai ta sake faɗa. A karo na huɗu ta gyaɗa kai, ta saki siket ɗin uwarta.

Haka sauran kwanakin suka tafi. Hajja ta sallami ɗalibanta na mako guda. Da hantsi sai ta ɗora yarinyar a kan kujerar da ita take zama idan tana ba da karatu, ita ta sauka tabarma ta tanƙwashe ƙafa a gabanta. Matan unguwa suka yi ta salati, don ba a taɓa ganin Hajja Kaltuma a ƙasan kowa ba. Maryam kuwa ta sami abin yi. Ta zagaya gida tana nuna abubuwan da aka ɗaura wa zare tana faɗar sunayensu, Hajja tana amsawa, in ba ta yi daidai ba a ce ta sake. Malama ce mai tsanani, ba ta yafe ko harafi. Ni ina gefe ina amsawa tare da ita, in an tashi in koya wa Maryam 'yar carafke da duwatsu biyar, ta yi ta zubarwa muna dariya. Kafin kwana huɗu kunnen nan da ba ya mantuwa ya gyara abin da wata huɗu suka karkatar. Suka fara hira ta gaske, gajeru-gajeru: kina jin yunwa, wannan zafi ne, akuyar nan ba ta da kunya. Amma tambayar nan ba ta fito ba, ni kuma ina ƙirga kwanaki ina jin tsoron kada a tafi da ita a bakin Hajja.

Rana ta shida, bayan la'asar, Abakar ya raka uwar Maryam unguwar Paris-Congo gaida abokan mijinta na ƙuruciya. Mata huɗu suna zaune ƙarƙashin darbejiya, har da Umma, suna tsince shinkafar girkin sallama. Hajja tana taje wa Maryam kai. Ba ta ɗago ba, ba ta sauya murya ba, ta faɗi jimlarta kamar mai tambayar ko an ba awaki ruwa. Yarinyar ta juyo da sauri ta yi ta zuba magana, Hajja ta ce a hankali, ta sake a hankali. Na tsinci abin da na iya, na san Hajja ta fi ni tsinta. Maryam ta ce e, Baba yana yawan maganarki. Ya ce kina da littafi guda cur a cikin kanki, ba kya manta komai. Ya ce shayinki ya fi na kowa. Sai ta ƙara da cewa ya kuma ce ba kya taɓa kiran sunansa. Ta dubi kakarta da tausayi, ta tambaye ta ko mantawa ta yi. Ba ta jira amsa ba. Ta gyara zama yadda ta saba duk makon, ta ɗaga yatsa, ta ce ki ce: "U-mar."

Suna ba shi da Jamusanci, kowa ya ji shi. Hannuwan matan nan huɗu suka tsaya a cikin shinkafa. Na dubi Hajja. Na san tana iya yin dariya ta kawar da zancen, ba wanda zai ga laifinta. Amma kwana shida ke nan duk abin da malamar nan ta ce a faɗa tana faɗa. Leɓunanta suka motsa, sunan ya fito ƙasa-ƙasa, da ƙyar na ji. Maryam ta girgiza kai, ta ce a sake, da ƙarfi. Ta sake. Na ukun ba wanda ya sa ta. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar zaure, ta ja sunan da tsawo yadda uwa take kiran yaro ya shigo daga wasa don abinci ya sauka, "Umaru!" Sannan ta ja lafaya ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna girgiza. Yarinyar ta shafa mata kai ta ce ta yi daidai. Cikin matan ba wadda ta taɓa tayar da zancen, a ranar ko bayanta. Umma ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar shinkafa, hawayenta suna ɗiga a cikin faifai.

Hajja Kaltuma ta rasu ina aji uku na sakandare. Darbejiyar an sare ta, an yi shaguna a wurin, Diguel ta cika ta tumbatsa har mutane suna komawa unguwar Lamadji neman fili. Yanzu yaran gidana waya suke karawa a baki su yi magana da Hausa ta mayar musu da kowane harshe kafin a ƙifta ido, kuma ban ce ba ci gaba ba ne. Sai dai ban ga wanda zai zauna wata huɗu yana haƙa hanya da farce zuwa wajen mutum ɗaya, don tambaya ɗaya ba. Ina kewarta, ina kewar irin wannan nacin. Nawa ɗan farin yana raye, shekararsa sha shida, yana makarantar kwana a Kano, duk Juma'a yakan ari waya ya kira ni. In tambaye shi karatu, in tambaye shi abinci, in ce Allah ya yi albarka, in kashe. Harshe biyar ne a bakina yanzu, har yau ban sami wanda zan kira sunansa da shi ba.